Barewar Kwali

Shekara ashirin da uku ina gyaran agogo a bakin Kasuwar Rimi,
idona bai saba wuce kamu ɗaya ba.
Abin da na sani ƙusa ce mai ƙanƙantar ƙwayar gero.
Yau ga ni rub da ciki a tsohon ramin marmara, hanyar Fanisau,
wai in hango taku ɗari uku.

Baba Ilu na zaune bisa tsohuwar taya,
goro a kunci, takardar lasisi a aljihu cikin leda.
Ba ya yabo. Ba ya faɗa.
In na kuskure sai ya tofar da jan yawu, ya dubi sama.

Barewar kuwa 'yata Ummita ce ta zana
a kwalin firiji da na roƙo a Sabon Gari.
Ta yi mata wuya kamar na raƙumin dawa,
ta sa mata gashin ido da bironta na makaranta.
Na ce ba a yi wa abin harbi kwalli.
Ta ce, to yaya za ta gan ka?

Makon farko ban ga harsashi ba.
Kwabo ya ɗora min a bakin bindiga,
ya ce ja kunamar, kada ya faɗi.
Ya faɗi. Ya faɗi. Har na daina ƙirgawa.
Ni da nake zare gashin agogo ban tsinka ba,
ashe yatsana ɗan tawaye ne.

Ya ce, ba yatsan ba ne, numfashin ne.
Sha iska, saki rabi, ka tsaya
a ɗan filin nan tsakanin bugun zuciya da ɗan'uwansa.
Wannan kam na gane.
Tsakanin tik da tak akwai ɗaki,
na daɗe ina wucewa ta ƙofarsa.

Sai karatun iska.
Tsumman da ya ɗaura a kara,
hayaƙin masu ƙona shara daga tsallake,
kan ciyawa in ya sunkuya gabas.
Harsashi ma gajiya yake, in ji shi,
yana nisa yana sunkuyawa kamar ɗan dako,
sai ka ɗaga masa kaɗan tun daga gida.

Ran da na fara samu, a cinya na same ta.
Na miƙe ina murna,
na ce ai harbi a wutsiya ya fi kuskure.
Baba ya cire goron daga bakinsa.
Wanda ya yi wannan karin maganar, in ji shi,
bai taɓa bin sawun jini kwana biyu ba,
bai tarar da ita a gindin kalgo ƙuda na binta
tana kallonsa ba.
In ba bayan kafaɗa ba ne, sauke hannunka.
Kuskure ya fi.

Ban yi magana ba har muka hau babur.

Yanzu duk inda na bi, awo nake.
Daga shagona zuwa mai rake, taku saba'in.
Daga Ƙofar Mata zuwa wancan allon talla, ɗari biyu da 'yan kai.
Na hau Dala ran Juma'a da yamma,
na iske garin ya ƙara faɗi,
ko kuwa idona ne ya bar gida.

Jiya biyar na harba,
biyar ɗin tafin hannu ya rufe su.
Baba ya shafa ramukan da babban yatsa,
ya ce bayan kaka ma shiga daji. Shi ke nan.

Na naɗe kwalin na kawo gida.
Ummita ta ɗaga shi saitin fitila,
haske ya zubo ta ƙirjin barewar gida biyar.
Ta ce, ta ji zafi?
Na ce, wannan ba ta numfashi.
Ta ce, waccan fa?

Agogon bango na ta aikinsa.
Na sha iska, na saki rabi.